Yadda jama'ar mazaɓa za su tayar da ƙaramin asibitinsu: jagora mataki-mataki

Yawancinmu mun san asibitin sha-ka-tafi na garinmu da abu biyu kawai, awon ciki da rigakafi. In ciwo ya wuce nan, sai a nufi kemis, ko a nemi kuɗin mota zuwa babban asibiti. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a kusan kowace mazaɓa ta Najeriya akwai ƙaramin asibiti guda da gwamnatin tarayya ke tura wa kuɗi kai tsaye cikin asusunsa na banki, kuma a ƙa'ida ba a taɓa kuɗin nan sai da sa hannun wani ɗan garin da ba ma'aikacin lafiya ba. Wannan sa hannun shi ne ƙarfin da jama'a ke da shi, kuma a wurare da dama an bar shi a hannun mutumin da bai san nauyinsa ba.

Tushen kuɗin yana cikin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 11 ya kafa asusun kula da lafiya a matakin tushe, wanda ma'aikata ke kira BHCPF, ya ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Doka ta kwanta shekaru ba a motsa ta ba. Sai a kasafin 2018 aka fara ware kuɗin, kimanin naira biliyan 55, aka fara saki a 2019. Ana raba shi ne ta ƙofofi. Kashi 45 na bi ta hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, domin magani da gyaran gini da kayan aiki da ma'aikata. Kusan rabi na bi ta hukumar inshorar lafiya, NHIA, domin biya wa marasa galihu kuɗin magani. Kashi 5 na agajin gaggawa ne. Ƙofofi biyun farko su ne suke isowa har mazaɓa, kuma a kansu wannan jagora ya tsaya.

Mataki na farko: ku gano wane asibiti ne, ku je ku gani da idonku

Ba kowane asibiti ke cikin tsarin ba. Mazaɓa na iya samun huɗu ko biyar, amma da aka soma, guda ɗaya aka zaɓa a kowace mazaɓa. A 2023 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya yi alkawarin ninka adadin daga dubu takwas da ɗoriya zuwa 17,600, don haka ku tambaya ko an ƙara muku wani. Mai amsar tambayar shi ne in-caji, wato shugaban asibitin, ko shugaban sashen lafiya a sakatariyar ƙaramar hukuma.

In kun gano shi, mutum uku ko huɗu su kai ziyara, kuma lallai da mace a ciki, domin akwai ɗakin da namiji ba zai leƙa ba. Ku duba firjin rigakafi: yana aiki, ko ya koma ma'ajiyar takardu? Ku duba gadon haihuwa, da fitila, da ruwa, da ban-ɗaki. Ku nemi jadawalin aiki da ke manne a bango, ku ƙirga sunayen, ku ƙirga waɗanda kuka tarar. Sannan ku sake komawa bayan sallar isha'i. Asibitin da ke cike da ma'aikata da hantsin Litinin yana iya zama kulle da kwaɗo da dare, alhali naƙuda ba ta san lokacin tashi daga aiki ba. Duk abin da kuka gani a rubuta shi cikin littafi guda, da kwanan wata. Littafin nan zai yi muku amfani a kowane mataki da ke tafe.

Kada ku shiga da fuskar masu bincike. In-caji sau da yawa malamin lafiya ne guda da ke riƙe da aikin mutum biyar, shi ne likita, shi ne mai ba da magani, shi ne akawu. Ku gaishe shi, ku ce, "Malam, mun zo ne mu ji me ya fi damunku a nan." Zai faɗa muku abin da ba za ku gano ba ko da kun yi wata kuna zagaye.

Mataki na biyu: kwamitin mazaɓa

Nan ne gizo ke saƙa. Tsarin lafiya na ƙasa ya tanadi kwamitin raya mazaɓa, wanda aka fi sani da WDC, kuma shi ne idon jama'a a kan asibiti. A takarda, mambobinsa na fitowa ne daga ƙauyuka da unguwannin mazaɓar, da wakilan malamai da matasa da masu sana'a, kuma aƙalla kashi 40 cikin 100 su zama mata. Hakimi ko dagaci uba ne ga kwamitin, ba shi ke shugabanci ba. Ana so su zauna duk wata, su rubuta abin da suka tattauna.

A zahiri kuwa, za ku iya tarar da ɗayan abu uku. Ko dai kwamitin na aiki, sai ku shiga ku ƙarfafa shi. Ko yana nan da suna kawai, an rubuta mutane shekaru da suka wuce, wasu sun rasu, wasu sun bar gari. Ko kuma, wanda ya fi muni, shugaban na nan daram amma ɗan gaban goshin wani ɗan siyasa ne, aikinsa a kawo masa takarda har gida ya sa hannu a sallame shi da na goro.

In na biyu ko na uku kuka tarar, hanyar gyara ta fada take farawa. Ku je wa hakimi da girmamawa: "Ranka ya daɗe, kwamitin asibitinmu ya daɗe bai zauna ba, mun zo neman a sake farfaɗo da shi bisa ƙa'ida." Shi zai kira dagatai da masu unguwanni, a gayyaci jami'in wayar da kai na sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya zama shaida, kowane yanki ya fitar da wakilinsa a bainar jama'a. Kada a manta da waɗanda kullum ake mantawa da su: rugagen Fulani, da ƙauyukan ƙetaren rafi da damina ke yankewa, da mutanen da rashin tsaro ya koro suka zauna a bayan gari, da masu buƙata ta musamman. Wanda ba shi da kujera a kwamiti, da wuya sunansa ya shiga rajista.

Wa ya dace da shugabanci? A ganina ba mai kuɗin gari ba, ba kuma mai neman takara ba. A nemi wanda ya iya karatu da lissafi, yana kwana a garin, kuma yana iya cewa a'a ba tare da ya ɗaga murya ba. Tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya yakan dace. Ma'aji kuwa a ba mace, kuma a bar ta ta riƙe littafin da kanta, ba a rubuta sunanta mijinta ya riƙa halartar taro ba. A sa lokacin zama da rana, bayan azahar, yadda matan za su iya zuwa su koma kafin girkin dare.

Mataki na uku: ku bi kuɗin daga banki har kan rasit

Ana turo kuɗin gudanarwa duk wata uku. A shekarun farko kimanin naira dubu 300 ne ga kowane asibiti, daga baya aka sanar da ƙari, ana la'akari da yawan marasa lafiyar da asibiti ke karɓa. Ba wani kuɗin a-zo-a-gani ba ne, musamman da tsadar magani ta yanzu, amma ya isa ya gyara famfo, ya sauya batirin sola, ya sayi safar hannu da maganin tsayar da jini, ya zuba wa babur mai a fita ƙauyuka rigakafi.

Ga yadda ya kamata ya tafi. Kafin kuɗi ya shigo, in-caji da kwamiti su zauna su rubuta tsarin aikin wata ukun: me za a saya, nawa ne, me za a gyara. Ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha su amince. Kuɗi ya shigo, masu sa hannu biyu, in-caji da shugaban kwamiti, su fitar da shi bisa abin da aka rubuta. A ƙarshe a haɗa rasit a mayar da bayani, domin asibitin da bai yi bayanin na baya ba yakan rasa na gaba.

Abu huɗu nake ba shugaban kwamiti shawara a kai. Kada ka taɓa sa hannu a cak ko takardar biya da ba a cike ba, ko da an ce maka sauri ake yi. Ka nemi banki ya riƙa turo sanarwar shiga da fitar kuɗi a wayarka, ba a wayar in-caji kaɗai ba. Duk kayan da aka sayo, wani ɗan kwamiti ya tsaya a ƙirga a gabansa, ya duba ranar lalacewar magani, ya sa hannu a littafin sito. Sannan a rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe da manyan baƙaƙe, a manna a bangon asibiti, da boko da ajami in da hali. Takardar bangon nan tana kare in-caji mai gaskiya daga zargi fiye da yadda take tona asirin marar gaskiya.

Akwai kuma asusun maganin juyawa, tsarin da ya samo asali daga yarjejeniyar Bamako ta 1987: a sayar da magani da ɗan sauƙi, a sake saro wani da kuɗin. A raba littafinsa da na BHCPF. Inda aka cakuɗa su, nan ne maganin da aka saya domin a bayar kyauta ke komawa na sayarwa, kuma ba mai iya cewa ga inda aka ratse.

In wata uku sun wuce ba a ga kuɗi ba, kada a yi saurin zargin na kusa. Sau da yawa tsaikon daga sama ne, ko jiha ba ta cika nata sharaɗin ba. A tambaya a rubuce.

Mataki na huɗu: rajistar marasa galihu

Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma fayyace waɗanda gwamnati za ta ɗauki nauyinsu: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, da matalauta tilis. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi ne ke yin rajistar: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa, SOCHEMA a Sakkwato, GoHealth a Gombe, haka sauran jihohi kowace da tata.

Gurabe ba su da yawa. Mabuƙata sun ninka su nesa ba kusa ba, shi ya sa son kai ke shiga. Aikin kwamiti shi ne ya riga masu rajista shiri. Kowane mai unguwa ya kawo sunayen gidajen da kowa ya shaida halin da suke ciki, marayu da zawarawa masu 'ya'ya da tsofaffin da ba mai kula da su, a karanta sunayen a gaban jama'a, a jera su daga wanda ya fi buƙata. Sannan a taimaka musu su samu lambar NIN tun da wuri, domin ana neman ta wajen rajista, kuma tsohuwar da ba ta da kuɗin mota zuwa ofishin katin ɗan ƙasa ita ce ta farko da za a tsallake.

Ku fahimci yadda ake biyan asibiti, domin nan akwai wata kafa. Ana biyan shi wani adadi duk wata a kan kowane sunan da ke rajistarsa, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Ke nan idan an rubuta mutane amma ba a gaya musu ba, ko an riƙe katunansu a aljihun tebur, kuɗi na shigowa, magani ba ya fita. Ku nemi jerin sunayen, ku bi gida-gida ku tabbatar kowa ya san yana ciki, katinsa na hannunsa, kuma ya san ba zai biya kuɗin kati ko gwajin zazzaɓi ko maganin da ke cikin tsarin ba. Wanda ya rasu a sanar, a nemi a maye gurbinsa da na gaba a jeri.

In ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, mai kati kada ya wuce babban asibiti da kansa. In-caji ya rubuta takardar turawa, a samo lambar amincewa daga hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Ba tare da ita ba, babban asibiti zai ce a biya.

Mataki na biyar: ku san abin da ke kyauta ga kowa

Wasu abubuwan ba sa buƙatar kati ko rajista. Rigakafin yara kyauta ne: ranar haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da wata 15. Ɓarkewar mashaƙo da ta addabi Kano daga ƙarshen 2022 ta fi kama yaran da ba su kammala waɗannan allurai ba. Rigakafin kansar bakin mahaifa ga 'yan mata, wanda aka soma a 2023, kyauta ne. Gwajin tarin fuka da maganinsa na wata 6 kyauta ne. Haka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida da shi da damina ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Madarar tamowa ma ba ta sayarwa ba ce, duk da ana ganin ta a kasuwa. Duk ƙullin da aka sayar, daga bakin wani yaro aka cire shi.

Sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. A ƙarshen 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Ku tambayi in-caji wanne ne mafi kusa da ku, a rubuta sunansa a bango. Masu yoyon fitsari kuwa akwai cibiyoyin ƙasa a Babbar Ruga ta Katsina da Ningi ta Bauchi.

Mataki na shida: mota da jini, kafin daren da za a buƙace su

Abin da ke kashe mai naƙuda sau da yawa jinkiri ne: a gida ana jiran izini, a hanya ana neman mota, a asibiti ana neman jini. Biyu na farko a hannun gari suke. Malamai su yi wa magidanta nasiha su bar izini a buɗe, cewa in jini ya ɓalle ko jijjiga ta kama ko naƙuda ta yi tsawo, a tafi ko maigida na gona ko na ci-rani. Jihohin Arewa da dama sun gwada haɗa kai da direbobin ƙungiyar NURTW domin jigilar masu naƙuda, kuma Jigawa ta yi suna da shirin Haihuwa Lafiya. Ba sai kun jira shiri daga sama ba. Ku je tasha, ku sami direba uku ko huɗu masu amana da ke kwana a gari, a yi yarjejeniya kan kuɗin mai, a rubuta lambobinsu a asibiti da masallaci da gidan ungozoma. A kafa ɗan asusu, ko da na hatsi ne lokacin kaka, wanda za a biya direba daga ciki, iyali su mayar a hankali. Matasa kuma a gwada rukunin jininsu, a ajiye sunayen masu niyyar bayarwa.

Ungozomar gargajiya kada a mai da ita abokiyar gaba. Ita mata ke kira da tsakar dare. A jawo ta jiki ta zama mai rakiya zuwa asibiti.

Mataki na bakwai: kai ƙorafi, da neman ma'aikata

Ƙorafi da baki iska ke kwashe shi. A rubuta, gajere, da kwanan wata da abin da aka gani, shugaba da sakatare su sa hannu, a yi kwafi biyu, a sa mai karɓa ya buga hatimi a kan naku. A fara da in-caji, sai shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, sai hukumar lafiya matakin farko ta jiha. In maganar kati ce, hukumar taimakekeniya. A ba kowane mataki sati biyu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar bayani, kuma ambaton ta a wasiƙa yakan sa a buɗe fayil. Gidan rediyo na da tasiri ƙwarai, amma a ajiye shi sai sauran ƙofofi sun ƙi buɗuwa, kuma a faɗi abin da ke cikin littafi kawai, ba a ci mutuncin kowa ba.

Babbar matsalar da kuɗin wata uku ba zai magance ba ita ce ƙarancin ma'aikata, musamman ungozoma mace. Ɗaukar aiki na jiha ne da ƙaramar hukuma, don haka sai an shiga maganar kasafi. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, kuma wasu jihohinmu na kai wa nan a takarda. Tambayar da za ku yi wa ɗan majalisarku da shugaban ƙaramar hukuma ita ce nawa aka saki, kuma ungozoma nawa aka turo mazaɓarku. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, shugaban ƙaramar hukuma ma abin tambaya ne. Ku kai buƙatarku tsakanin Agusta da Oktoba, lokacin da ake haɗa kasafi. In an riga an gabatar da shi ga majalisa, kun makara sai baɗi. Kuma ku roƙi a biya muku ma'aikata da ɗakin kwanansu kafin sabon gini, domin 'yan siyasa sun fi son abin da za a yanke masa ƙyalle.

Ungozomar da aka turo daga birni takan nemi canji cikin 'yan watanni in ba ta da ɗaki mai ƙofa da ruwa da tsaro. Gari ya samar mata. Hanya mafi ɗorewa kuwa ita ce ku raini taku. Makarantun jinya na jihohi na da kwas ɗin ungozomar karkara na shekara 2. Kwamiti ya je sakandaren 'yan mata mafi kusa, ya nemo waɗanda suka ci Turanci da lissafi da darussan kimiyya, ya zauna da iyayensu ko mazajensu, a nemi ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin karatun, a rubuta yarjejeniyar cewa in sun gama a asibitin mazaɓar za su yi aiki na wasu shekaru, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.